Layi na Arba'in da Bakwai

Da ƙarfe goma na safiyar Laraba wata tsohuwa ta shigo caji ofis, ta jingine sandarta, ta ce an sace mata littafi. Sufeto ya ɗago kai. Shekara ashirin da biyu yana aiki, an kawo masa ƙarar satar awaki da babura har da ƙofar shago, amma ta littafi bai taɓa ji ba.

Littafin magunguna ne, in ji ta, mahaifinta ya rubuta da hannunsa. Shekara tara da suka wuce ta ba ɗakin karatu na gari ajiya. Jiya ta kai jikarta ta gani, aka ce babu shi a kan kanta, babu shi a jerin littattafai. Ta zaro takardar shaidar karɓa, mai lamba arba'in da bakwai.

Shugaban ɗakin karatun ya tarbi Sufeto da zufa a goshi. Mutum uku ke da makullin ɗakin ajiya: shi, da Sakatariya, da dattijon mataimakinsa da kowa ke kira Baba Tafireta. Amma jerin da ke fita a shafin intanet, Sakatariya kaɗai ke taɓa shi.

"Na riga na rubuta takardar dakatar da ita," in ji shi. "Ku tafi da ita kawai."

Sufeto bai cika son mai gaggawar miƙa masa ɓarawo ba. Ya ce zai fara ganinta.

Ya same ta a wani ɗan ƙaramin ofis, idanunta jajur. Ta rantse ba ta ɗauki komai ba, ita kwana uku ke nan tana fama da shafin da ya ƙi fita daidai. Sufeto ya jawo kujera. Shi da kwamfuta sai gaisuwa daga nesa, amma Allah ya yi shi da son sanin yadda abu ke aiki, har matarsa ta hana shi kusantar rediyonta da sukurdireba.

Allon cike yake da rubutu tsagwaro, ba ado ba launi, sai sanduna a tsaye tsakanin kalmomi. Ta ce nan ne tushe. Kowane littafi layi ɗaya, sandunan su ne bangon gidajen jadawali. In ta danna umarni, manhajar ta mayar da shi shafin intanet mai kyau.

"To me ya lalace?"

Ta danna. Wani jan rubutu ya fito a ƙasa. Ta ce manhajar na ƙorafin akwai mahaɗi, wato kalmar da ake dannawa ta kai mutum wani wuri a shafin, da bai san inda zai kai mutum ba. Suka bi sawunsa har jerin waɗanda suka ba da ajiya. Ga sunan tsohuwa, ga mahaɗi a gefensa yana nuna layi na arba'in da bakwai, amma alamar da yake nema a can ta ɓace.

"Wanda ya goge bai san an ɗaure layin da wani wuri ba," in ji Sufeto. "Ke kin sani?"

"Ni na ɗaure shi, ranka ya daɗe."

Ya rubuta wannan a ɗan littafinsa, ya ce ta nuna masa shafin kansa. Jadawalin ya taho tsaf har arba'in da shida, daga nan ya wargaje, rabin bayani ya zubo waje. A tushe kuwa, an sa wani ƙamus a gurbin littafin magunguna, don kada lamba ta yi giɓi. Sai dai an karya layin biyu, daidai bakin allo.

Ta ce ita ma yau da safe ta gano shi, ta ji tsoron gyarawa kada a ce ɓoye laifi take yi. Mai aiki da wannan manhaja ba ya karya layin jadawali, komai tsawonsa, barinsa ake yi ya naɗe da kansa.

"Kina kashe kwamfutar in za ki cin abincin rana?"

Ta sunkuyar da kai. Ba ta kashewa.

Baba Tafireta na can ƙuryar ɗakin ajiya yana share ƙura, dattijo tsaf-tsaf, wata biyu ya rage masa ya yi ritaya. Ya ce shekara talatin ya yi yana buga wasiƙun gidan nan da tafireta, amma wannan akwatin zamani ko da wasa bai taɓa sa masa hannu ba. Yarinyar kuwa tausayinta yake ji, shi ya koya mata aiki, amma 'yan yanzu sai addu'a.

Sufeto ya gyaɗa kai, idonsa na kan katunan da ke manne a kantoci. Duk bugun tafireta ne, kowane layi ya tsaya cak a wuri ɗaya.

Ya tara su ukun a ofishin Sakatariya, ya ce alƙalaminsa ya ƙare, kowa ya buga bayaninsa da kansa a kwamfuta. Shugaba ya fara, da yatsa biyu kamar kaza na tsintar hatsi, layinsa ya kai bakin allo ya naɗe bai ko lura ba.

Baba ya so ya noƙe. Sufeto ya ce haruffan dai a wurinsu na da suke, ko kuwa hannun ne ya tsufa? Nan fa ya taɓo dattijo. Ya gyara zama, yatsu goma suka hau aiki, gwanin sha'awa. Da rubutu ya kusa bakin allo, hannun hagunsa ya ɗaga yana neman ƙarfen mayar da layi na tafireta da babu, sannan ɗan yatsan dama ya faɗa kan madannin sabon layi. Layin ya karye daidai inda na arba'in da bakwai ya karye.

Baba ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ina littafin?" in ji Sufeto a hankali.

Baba ya ce yana gidansa, ƙarƙashin katifa. Ranar Litinin ya shiga da kofin shayi, abin da shi da kansa ya hana kowa yi, ya kife a kan littafin, shafi goma sha biyu suka narke. Shekara talatin ba a taɓa kama shi da kuskure ba, ya kasa jure a ce da shi ne aka ga haka. Shi ya sa ya ɓoye littafin, da Sakatariya ta fita cin abinci ya sa ƙamus a layinsa.

"Ka ji ana cewa a tafi da ni, Baba," in ji Sakatariya, "ka yi shiru?"

Sufeto ya ji takaici ya tokare shi, don da dattijon ya faɗi gaskiya tun ranar, faɗa kawai zai sha. Bai sa masa ankwa ba, ya dai kama gwiwar hannunsa suka nufi mota.

Shugaba ya yayyaga takardar dakatarwa yana ta kame-kame. Sakatariya ko kallonsa ba ta yi ba. Ta goge ƙamus, ta mayar da littafin magunguna a layi ɗaya, ta danna. Jan rubutu bai fito ba. A gidan ƙarshe na layin, inda ake rubuta halin da littafi ke ciki, ta buga: shafi goma sha biyu sun lalace.