Tedin da Aka Cire wa Kai

Ƙarfe uku saura kwata na ranar Juma'a, Sufeto Ɗanmusa bai ko cire hular da ya je masallaci da ita ba, Kofur Albarka ya faɗo ofishinsa ba sallama.

"Yallaɓai, an kashe wata tsohuwa a shagon masu ɗinkin tedi, nan bayan kasuwa. Kuma an bar takarda."

"Takardar me?"

"Wai masu kishin addini ne suka yi."

Sufeto ya miƙe tsaye. Shekarar 2002 ce, shari'a ba ta daɗe da kafuwa a Jigawa ba, kuma duk maganar da ta taɓa addini kamar garwashi take a cikin kara. Shi kuwa daga Kaduna aka canjo shi Dutse. Yana can aka yi rikicin da ya ci unguwarsu, ya kuma ga yadda jita-jita ɗaya ke tashi da hantsi, kafin la'asar ana kwasar gawa.

"Ɗauko mota," ya ce.

Shagon ɗan ƙarami ne, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana fita lungu. Ko'ina auduga ce da guntayen karan-miski. A nan ake ɗinka 'yan tsanan nan masu laushi da kunnuwa zagayayyu, waɗanda yara ke kira tedi.

Tsohuwar tana kwance a gindin keken ɗinki, jini ya bushe a ƙeyarta da kuma jikin ƙarfen ƙafar keken. Kantocin bango fayau, an kwashe komai. Tedi ɗaya kawai aka bari a kan tebur, gangar jikinsa a zaune, kansa a gefe, idanun maɓalli suna kallon rufi. Takardar tana ƙarƙashinsa.

Sufeto ya karanta a zuci: "Ke mai ƙera gumaka. Mun san kin koma sayar da su ta intanet, mun san ranar Litinin za ki aika Legas. Yau kan gunkinki muka cire. In kika aika, naki ne."

Mai shagon, Mu'minatu, tana rakuɓe a ƙasa. Bazawara ce 'yar Aujara, da ɗinkin nan take riƙe da 'ya'yanta uku.

"Malama, wace ce marigayiyar?"

"Iya ce, ranka ya daɗe. Ita ke shiɓar mana auduga tana cusawa."

"Ke kina ina?"

"Na je tasha in yi magana da direban da zai kai kayan Legas. Na bar ta wajen ƙarfe ɗaya, na ji ta sa sakata."

"Me ya haɗa ki da Legas?"

Ta share hawaye da gefen hijabi. "Shekara biyar muna kai wa masu kantuna, in lokacin baje-koli ya zo kuma abokiyar sana'ata Bilki ta kai Kano ko Kaduna. Ni ɗinki, ita talla. To wata uku da suka wuce Yahuza mai shagon intanet ya ɗauki hotonsu ya sa a kwamfuta. Wata mata mai kantin kayan yara a Legas ta gani, ta ce a yi mata talatin. Abin da muke wata biyu ba mu sayar ba." Ta ɗago kai. "Ranka ya daɗe, kashe ni za su yi?"

Sufeto ya tashi. Ya duba ƙofar titi, ya duba ta lungu. Ba wadda aka ɓalle, sakatun lafiya lau. Ke nan Iya da hannunta ta buɗe wa wanda ya shigo.

Suna fitowa ya ga abin da yake gudu. Mutane sun cika ƙofar wani zaure a ƙarshen layi. A gaba akwai ƙarti huɗu da jini a rigunansu, wuƙaƙe a ƙugu. 'Ya'yan Iya ne, mahauta, labari ya iske su a kan teburin nama. Zauren kuwa na Malam Uwaisu ne, wanda magidantan unguwa ke ɗaukar karatu a wurinsa. Su ma ɗaliban sun fara taruwa, sun yi wa ƙofar shinge.

Sufeto ya waiwaya. Shi da Kofur ne kawai, da bindiga ɗaya.

Babban mahautan, Barau, ya tare shi. "Yallaɓai, ko ku fito mana da shi, ko mu shiga. Wa ke wa'azi a unguwar nan in ba shi ba?"

"Barau, uwarka tana kwance ba a suturta ta ba. Ku bi ta asibiti likita ya duba, a ba ku ita ku kai ta makwancinta. Kafin ku dawo daga maƙabarta zan nuna maka wanda ya yi."

"In ba ka nuna ba fa?"

"Ka fara da ni."

Shi kansa bai san daga ina maganar ta fito ba. Barau ya kalle shi, sannan ya juya, 'yan'uwansa suka bi shi.

Malam Uwaisu yana zaune a kan buzu, da carbinsa a hannu. Sufeto ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa takardar.

"Allah gafarta Malam, ka taɓa yin magana a kan sana'ar matar nan?"

"An tambaye ni, na ce abin wasan yara ba gunki ba ne, malamai sun yi rangwame a kansa. Jikata ma da shi take barci." Ya ɗaga takardar saitin hasken ƙofa. "Kuma ɗana, dubi wannan. Mu nan da alƙalami da tawada muke rubutu. Wannan inji ne ya buga. Wa ke da inji a zauren nan?"

Sufeto ya karɓa ya sake dubawa. A cikin hasken ya lura da wani siririn farin layi da ya ratsa haruffan daga sama har ƙasa, kamar an ja zare a kai.

Shagon Yahuza yana kan babban titi, kwamfuta huɗu da janareto a waje. Yahuza magidanci ne mai gilashi, yana ganin kaki ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Ka san wannan takardar?"

"Wallahi ban taɓa ganinta ba, Yallaɓai."

"Ba a nan aka buga ta ba?"

"Firintata ta lalace tun makon jiya."

"Kofur, kunna ta."

Firintar ta yi ƙara ta turo takarda. Sufeto ya jera su biyun a kan tebur. Farin layin nan ɗaya ne, a wuri ɗaya.

Yahuza ya zube a ƙasa. "Yallaɓai, ka rufa mini asiri. Na ji an ce an yi kisa, na ji tsoro kada a ƙone mini shago. Jiya da azahar wata mata ta zo da niƙabi da safar hannu. Ba ta yi magana ba, ta nuna kwamfuta, ta zauna tana danna haruffa da yatsa ɗaya. Da kanta ta tura wa firinta, ta ninke takardar ta tafi. Ban karanta ba."

"Matan da ke zuwa nan suna iya tura wa firinta da kansu?"

"'Yan makaranta da ma'aikata suna iyawa, amma su na san su duka. In ba su ba, mata biyu kawai na taɓa koya wa." Ya rage murya. "Mu'minatu da Bilki."

La'asar ta yi lokacin da suka koma shagon ɗinki. An riga an ɗauke gawar. Mu'minatu tana nan inda suka bar ta, ta kasa tafiya gida don tsoron kada a bi ta har kan 'ya'yanta.

Sufeto ya zauna a gabanta, ya tura mata tedin da kan da aka cire. Idonsa yana kan fuskarta.

"Ɗauki ki duba mini. Da me aka yanke shi? Wuƙa ko almakashi?"

Da ƙyar ta miƙa hannu. Ta juya wuyan, ta shafa bakin yadin da ɗan yatsa, sai ta tsaya cak.

"Ba yanka ba ne."

"Me aka yi?"

"Warware shi aka yi. Akwai ɓoyayyen ɗinki a bayan wuya, inda muke rufewa bayan an cusa auduga. In ka tsinke zare ɗaya ka ja, kan zai fita, yadin ba zai yi komai ba. Minti biyar zan mayar da shi."

"Mai fushi da gunki zai tsaya neman zare?"

Ta ajiye kan a tebur, Sufeto ya ci gaba.

"Wa ya san wurin ɗinkin nan?"

"Ni. Da Iya."

"Sai wa?"

Sufeto ya ga tsoron da ke fuskarta ya canza kama. Da tana tsoron mutanen da ba ta sani ba. Yanzu ta dafe ƙirji tana girgiza kai.

"A'a. A'a, ranka ya daɗe. Kwano ɗaya muke ci da ita. Ni na yi mata wankan jego."

"Bilki ta so wannan ciniki na intanet?"

"Ba ta so ba. Ta ce kaya a hannu, mai saye a gabanka, shi ne kasuwa. Ta ce wanda ba ka ga fuskarsa ba zai cuce ka. Mun yi ta musu, har na ce mata bana ba sai mun kama rumfa a baje-koli ba." Ta rufe baki da hannu. "Amma ta ce mini yau tana Kiyawa wurin suna."

Gidan Bilki yana cikin lungun da ƙofar bayan shagon ke fita, gida na uku. Suna tafiya Kofur ya raɗa masa cewa an sallaci Iya, an wuce da ita maƙabarta. Sufeto ya ƙara sauri, Mu'minatu na biye.

Suka yi sallama. Mijinta ba ya gari, don haka ita ta leƙo zaure, idanunta jajur.

"Yanzu na dawo daga Kiyawa nake jin wannan mummunan labari. Yaya Mu'mina, sannu. Ai na gaya miki mutanen garin nan ba za su bar mu da wannan intanet ɗin ba."

"Sunan wa kika je?" in ji Sufeto.

"Na 'yar ƙanwar babata."

"Me aka sa wa jaririn?"

Ta ɗan yi jim. "Halimatu Sa'adiya."

"Motar wa kika hau?"

"Acaɓa."

"Kina da niƙabi?"

"Ni? Ban taɓa sawa ba. Mai talla da rufe fuska?"

Tana cikin magana wata yarinya 'yar shekara huɗu ta fito daga cikin gida tana jan wani abu a ƙasa. Tedi ne sabo fil, ruwan ƙasa, da koren ribom a wuya.

"Umma, kin ga! Suna da yawa a ƙarƙashin gado, a cikin buhu."

Mu'minatu ta jingina da bango. "Koren ribom na matar Legas ne. Ita ta ce a sa. Jiya da yamma na ɗaura su."

Bilki ta kalli 'yarta, ta kalli tedin. Ta sulale a dokin ƙofa.

Kofur ya shiga da wata maƙwabciya. Suka fito da buhu biyu, da niƙabi da safar hannu a cuse a bakin ɗaya.

"Ban je don in kashe ta ba," in ji Bilki, muryarta can ƙasa. "Na san lokacin Juma'a lungu ba kowa. Na ƙwanƙwasa, na ce Yaya Mu'mina ce ta ce ta je gida ta ci abinci, ni zan tsare shago. Ta tafi. Na cika buhu ɗaya na kai, na dawo na cika na biyu, na ajiye takarda. Ashe ta manta goronta. Ta shigo ta gan ni da kan tedi a hannu. Ta riƙe mini hijabi tana cewa, 'Bilki, me kike yi?' Na fizge. Wallahi fizgewa kawai na yi. Na ji ƙarar kanta a jikin keke."

"Kika bar ta a nan?"

"Na kira ta ba ta amsa ba. Na ji tsoro."

"Don me, Bilki?" Mu'minatu ta tambaya tana kuka. "Me na rage ki da shi?"

"Ke kina da hannu, Yaya. Ni baki kawai nake da shi. Shekara biyar ni ke tsayuwa a rana a rumfa, ni ke bin kantuna, ni ke sa uwa ta buɗe jaka don ɗanta ya ƙi sakin tedi. A Kano har sunana aka sani. Sai ga kwamfuta ta yi a rana ɗaya abin da nake yi a wata biyu. In Legas ta karɓa, gobe wani gari ne. Ni kuma in zama wa? Na ce in kika tsorata za ki fasa, in an kwana biyu in ce an tsinci kayan, mu koma yadda muke."

"Kin san mahauta huɗu sun tsaya da wuƙa a ƙofar Malam saboda takardarki?" in ji Sufeto.

Ta sunkuyar da kai.

Daga bakin lungu aka fara jin hayaniyar masu dawowa daga maƙabarta. Sufeto bai ɓata lokaci ba. Ya sa Kofur ya kawo mota ta ɗaya bakin lungun, aka sa wa Bilki ankwa a ƙarƙashin hijabi don kada yarinyar ta gani, aka fita da ita. Sai da ya ji motar ta yi nisa, sannan ya taka shi kaɗai ya tari Barau.

"An kama, kuma an amsa laifi. Ba Malam ba ne, ba ɗalibansa ba ne. Tana caji ofis, Litinin za a kai ta gaban alƙali, kai ma za ka zo ka ji da kunnenka."

"Tana?" in ji Barau. "Mace ce?"

"Bilki."

Barau ya ja da baya. Ƙasar kabari tana nan a gwiwoyin wandonsa. "Bilkin da Iya ke ajiye wa ƙanzo?" ya ce. Ya zauna a kan dakalin wani gida, ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suka fara rawa. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka soma watsewa.

Da Sufeto ya koma zauren gidan Bilki don kwashe kayan shaida, ya tarar da yarinyar ta ƙanƙame tedin tana tambayar ina aka kai Ummanta. Maƙwabciyar ta miƙa hannu za ta karɓe shi, yarinyar ta ƙwalla ƙara.

"A bar mata," in ji Mu'minatu. Ta sunkuya ta ɗauki yarinyar ta saɓa a kafaɗa. "Zo mu je gida, Afra'u. Yau a wurina za ki kwana."