Akwatin Haihuwar Muzuru

"Ba na son muzuru a gidana! In kyanwa za ki kawo mini, mace nake so!"

Baba Barnabas ya buga guduma a kan benci har ƙusoshi suka yi tsalle. 'Yarsa Saratu tana tsaye a bakin shagon kafintancinsa da ke Tudun Wada, rungume da littattafan ɗalibanta.

"Haba Baba... kyanwa ai kyanwa ce."

"Ƙarya ne! Mace ce mai son mutum. Namiji da ya ƙoshi sai katanga. Dubi yayanki Bitrus!"

Nan ciwon yake. Shekara biyu ke nan da Bitrus ya bi kuɗin man fetur zuwa Ikko, ko wasiƙa ɗaya bai aiko ba. Uwarsu kuma ta rasu. Tun daga nan tsohon ya yanke wa duk wani namiji hukunci, mai ƙafa biyu da mai huɗu. Wanda abin ya fi shafa shi ne Markus, malamin dabbobi, wanda ya shekara yana roƙon a bar iyayensa su zo neman auren Saratu. Laifinsa ɗaya ne: ya sayi babur ƙirar Besfa da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata.

"Mai babur ba ya zama gida," in ji Baba. "Ya kwashe ki, ya bar ni da ɓeraye."

Saratu tana son Markus kamar ranta, amma ba za ta iya barin ubanta cikin kaɗaici ba. Shi ya sa ta ƙudura samo masa abokin zama, ko zuciyarsa ta yi laushi.

Ranar Asabar ta hau bayan Markus a kan Besfar da Baba ya tsana, suka nufi Ƙofar Kware wurin Iyatu, tsohuwar da take sayen shinkafa a hannunta. Kyanwar Iyatu ta haihu, saura 'ya'ya biyu ba a ɗauka ba.

"Ga su nan, ɗiyata," in ji Iyatu. "Wagga fara macce ta, wanga ja ko muzuru na."

Markus ya gyara wuyan riga irin na ƙwararru, ya miƙa hannu ga farar. Kafin ya ce wani abu ta zabga masa farce uku, ta haye rumbu tana huci.

"Wayyo! Saratuna, kin ga mai son mutum?"

Shi kuwa jan, ba wanda ya kira shi. Ya tako ya hau cinyar Saratu, ya cusa kai cikin gyalenta, ya kama gurnani.

"Inna, da gaske mace ta fi son mutane?" Saratu ta tambaya.

Iyatu ta yi dariya har da tafi. "Shekara talatin ina kiwon mussa, ban taɓa ganin hali ƙarƙashin wutsiya ba. Kowace da nata. Ki ɗauki wanda yaɗ ɗauke ki."

Saratu ta dubi jan, ta dubi Markus. Markus ya gane kallon.

"A'a... Saratu, a'a."

"Ƙarami ne, Baba ba zai gane ba. Idonsa ma ba ya gani sosai. Kai ne malamin dabbobi, kai za ka ce masa mace ce."

"Ke malamar makarantar Lahadi ce fa!"

"Kana sona ko ba ka sona?"

Wace amsa bawan Allah zai bayar? Da yamma ya tsaya gaban Baba Barnabas, gumi na bin bayansa, ya shaida cewa mace ce. Baba ya raɗa mata suna Amarya.

Cikin wata huɗu Amarya ta mallake gidan. In Baba yana fiƙe katako, tana kwance cikin ɓawon itace kusa da ƙafarsa. In ya tafi coci, tana bakin ƙofa har ya dawo. Ranar da rediyo ya ce sojoji sun sake juyin mulki, duk unguwa ta rikice, Baba kuwa yana zaune yana cire mata ƙayar kifi.

"Kun gani?" yake ce wa duk wanda ya shigo shago. "Mace ke nan! Da muzuru ne da tuni yana Ikko."

Ya fara dariya kamar da, har yana amsa gaisuwar Markus. Saratu tana murna, amma duk sanda Amarya ta ɗaga wutsiya ta wuce, sai ta ji kamar ta nutse.

Sai Amarya ta yi ƙiba. Kifin kogin Rima safe da yamma ai ba wasa ba ne.

"Ciki gare ta!" Baba ya sanar wata safiya, fuskarsa na walƙiya.

Saratu ta ƙware da koko.

Kafin Lahadi ya yi wa gida biyar a coci alkawarin 'ya'ya, har da matar fasto. Ya ajiye aikin mutane ya ƙera akwatin haihuwa da katakon maɗaci, ya goge shi sumul, ya shimfiɗa tsohon zanen marigayiyar matarsa a ciki. Sannan ya aika a kira Markus ya zo ya duba, ya faɗi ranar haihuwa.

Saratu ta tare shi a zaure. "Ka ce saura wata biyu. Kafin nan mu san dabara."

"Wace dabara, masoyiyata? Ni zan haifa masa?"

"Markus, in ya sani shi ke nan mun rabu..."

Markus ya dube ta da tausayi, ya wuce tsakar gida.

Baba ya miƙa masa Amarya da hannu biyu. Markus ya taɓa cikin, ya daɗe yana taɓawa, kamar zai sami wani abu in ya dage. Daga nan ya durƙusa.

"Baba, ba ciki ba ne. Kifi ne."

"Kifi?"

"Ba za ta haihu ba, bana ko baɗi. Amarya... muzuru ne. Na sani tun ranar farko, na yi maka ƙarya."

Saratu ta zube kusa da shi, hawaye na zuba. "Ni na sa shi, Baba! Macen ta yakushe shi, wannan ne ya zo wurina da kansa. Na ga ka daina dariya tun tafiyar Yaya Bitrus... na so ka sami mai zama da kai."

Baba ya ɗauko tabarau ya saka. Ya ɗaga wutsiyar, ya duba, ya sauke ta a hankali.

"Matar fasto," ya ce da ƙaramar murya. "Me zan ce wa matar fasto?"

Ya miƙe da kyanwar, ya nufi ƙofar gida, ya dire ta a titi.

"To tafi! Ga hanya nan. Halinku ne, tafi!"

Amarya ya yi miƙa, ya yi hamma, ya biyo shi ciki ya kwanta a kan ƙafarsa. Baba ya sake fitar da shi, har gindin dalbejiyar maƙwabta. Kafin ya juyo, muzurun ya riga shi isa zaure. A karo na uku tsohon ya sunkuya zai ɗaga shi, ya kasa. Ya zauna a ƙasa ya rungume shi, ya yi kukan da ya riƙe shekara biyu.

"Ashe akwai namijin da ke dawowa," ya ce.

Saratu ta riƙe kafaɗarsa tana kuka ita ma. Markus yana nan durƙushe inda aka bar shi.

"Kai, mai babur!" Baba ya share ido. "Me ya hana ka ce saura wata biyu? Da na yarda."

"Ba na so in shigo gidanka da ƙarya biyu, Baba. Ɗaya ma ta hana ni sukuni. Kuma ɗakin da na kama yana bayan shagonka, ko Besfa ba sai na tayar ba."

Baba ya ajiye muzurun. Sannan ya jawo akwatin maɗacin, ya zaro awo daga aljihu, ya auna tsawonsa, ya auna faɗinsa.

"Ka ce wa mutanenka su zo ƙarshen wata. Kai za ka je ka yi wa matar fasto bayani, ba ni ba."

"Na gode, Baba! Na gode!"

"Ajiye godiyarka. Katakon nan mai kyau ne, ba zai tashi a banza ba. In na ƙara masa taƙi ɗaya zai ɗauki jariri." Ya nuna su biyun da awon. "Tunda Amarya ya gaza, ku za ku cika mini shi."

Saratu ta rufe fuska da gyale ta ruga ɗaki, tana dariya tana kuka. Amarya kuwa ya shige akwatin ya yi kwanciyarsa, kafin mai shi ya iso.