Tsarabar Bakin Teku

Bakri ba mugun mutum ba ne, wannan shi ya fi ci min rai. Bahaushen Sudan ne mai tallar tabarau da huluna a kasuwar Ataba ta Alkahira, yana zaune a hawa na huɗu a unguwar Hadayek el-Maadi da matarsa Sabuwa da 'yarsu tilo, Samar. Abin da ya hana shi sakat wani ƙauyen masunta ne a gaɓar Bahar Maliya, wanda cikin 'yan shekaru ya cika da otal-otal da Turawa masu yawon buɗe ido. Duk wanda ya riga shi zuwa ya dawo da mota.

Ran nan da azahar ya gangara ɗakin wani boka a ƙarƙashin tsohon bene. Bangon ɗakin na tsattsafo da gishiri, ga ƙasusuwan kifi a rataye, ga wani daro a tsakar ɗaki, ruwan cikinsa yana kai da komo ba wanda ya taɓa shi.

"Baƙi kake so? Teku za ta kawo maka," in ji bokan.

"Me zan bayar, ranka ya daɗe? Jini dai ba zan zubar ba."

"Wa ya ce maka jini? Ita dai kar ka nuna mata hanyar gidanka. Ko ƙwayar yashinta ta shiga ɗakin iyalinka, khalas, shi ke nan, za ta biyo."

Bakri ya yi murmushi. Ina Alkahira, ina teku? Ya tsoma hannu cikin daron, ya ce ya yarda.

Kafin shekara biyu yana da masaukin baƙi mai ɗaki talatin a ƙauyen nan da kwale-kwale uku. Duk sanda zai dawo gida sai ya sauya kaya da takalmi a tasha, tsaraba kuma a Ataba yake saye. Yarinya ta gane.

"Baba, wannan ai ta nan ce. Ni katantanwa nake so, wadda ake jin teku a cikinta."

"Ma'alish, yi haƙuri uwata, wani zuwan."

Sabuwa ta ce, "Haba Baban Samar! Wane irin matafiyi ne ba ya kawo abin garin da ya je? Kullum sai ta yi kuka."

Kukan nan ne ya karya shi. Ya samo katantanwa, ya wanke ta da ruwan famfo sau bakwai, ya ce ai yanzu ta fita daga hannun teku. Kaico!

Kwana uku Samar tana yawo da ita a kunne tana dariya. Ran na huɗu da hantsi, Sabuwa ta fito daga kicin ta tarar da yarinyar kwance a kan busasshiyar darduma, gashinta sharkaf, ruwan gishiri na fita ta hancinta. Ta rasu.

Sabuwa ba ta sake komawa daidai ba. Wuni take tana goge daɓe da tsumma, tana roƙon maƙwabta su ɗaga ƙafa, wai ruwa ya kawo gwiwa. Masaukin kuwa igiyar ruwa ta ci tushensa ya rufta, kwale-kwalen suka nutse ɗaya bayan ɗaya.

Kai mai hangen motar wani, ka ji ni da kyau. Boka ba ya gindaya maka sharaɗin da za ka iya kiyayewa. Ya riga ya duba wanda ka fi so duk duniya, da abin da ba za ka iya hana shi ba, sannan ya buɗe baki. Bakri yana nan da rai, kuma har yau in Sabuwa ta ce ya ɗaga ƙafa, ɗagawa yake yi yana kuka.