Abin da Bakin-Aro Ya Faɗa

Ƙaramar fitilar da ke bayan kunnen Inna Lantana ta koma koriya, sai na'urar ta ce, "Ruwa." Muryar Inna ce sak, har da 'yar shaƙewar nan tata, alhali leɓenta ko motsi bai yi ba.

Barira, 'yarta ta fari, ta kusa sakin kofin. Wata biyu ke nan rabon da a ji wannan murya, tun ranar da hawan jini ya kayar da Inna, ɓarin dama ya shanye, harshe ya mutu. Daga nan aka kawo ta hawa na talatin a cibiyar farfaɗo da jijiyoyi ta Birnin Kudu, inda motocin haya marasa direba ke wucewa ta gefen taga a kan igiyoyin ƙarfe.

Bakin-Aro ake kiran na'urar. Siraran wayoyi ne kamar gashi, a kwance a fatar kai, suna tsintar magana tun tana cikin ƙwaƙwalwa, su fitar da ita. Dakta Zubairu, wanda ya ƙera ta, ya ce idan ƙwaƙwalwa tana jin muryarta kullum, za ta fasa sabuwar hanya zuwa harshe, kamar yadda ruwa ke yi in an toshe masa kwata. Amma sai an yi kwana casa'in ba yankewa. In aka cire kafin nan, hanyar ta toshe ke nan.

A rana ta huɗu Gwaggo Atine, ƙawar Inna tun ƙuruciya, ta zo dubiya. Barira na durƙushe tana murza wa Inna hannun da ya shanye, sai na'urar ta ce, "Barira. Barirata ta rame."

Shekarar Barira arba'in da ɗaya, ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. Inna mutuniyar dā ce, mai kunyar 'yar fari. "Ke" take ce mata, in bayan ido ne "yarinyar nan". Tun yaye aka kai ta wurin kaka, ko ranar aurenta Inna ɗaki ta shige.

"Au, Lantana, ashe kin san sunanta?" in ji Gwaggo Atine tana dariya. "Mu da muka zaci an raɗa ba kya nan."

"Rufe min baki, uwar gulma," in ji na'urar. Ba ta tsaya nan ba. "Ranar da aka ɗauke ta na yi kuka a bayan rumbu. Rigarta na ɓoye, ina shinshinawa."

Inna ta runtse ido. Hannun hagu ya hau lalubar mayafi, ta ja shi ta rufe fuska.

Barira ta fita baranda. Kunya ce ta kama ta, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi da ta ji tsoron sa. Washegari tun kafin lokacin ziyara ta iso, ta zauna kusa, tana jira.

Inna kuwa ta samo dabara. Ta cika kanta da istigfari, don kada na'urar ta sami abin faɗa. Safe da yamma abin da ke fita ke nan, ba hutawa, ba barcin kirki. Jininta ya sake hawa. In ta gaji tunani ya suɓuce, sai sunan ya faɗo, sai ta sake jan mayafi.

"Dakta, ba za a iya sa na'urar ta riƙa zaɓar abin da za ta faɗa ba?" Barira ta tambaya.

"Zaɓen a harshe yake, Hajiya, shi ne kuma ya lalace. Kwana sittin da takwas ya rage. Ku ba ta haƙuri. Mene ne aibu don uwa ta faɗi sunan 'yarta?"

Barira ta juya ta bar shi.

Da ta koma ɗaki, Inna ta dube ta ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. Na'urar ta ce, "Kun tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Ke, cire min." Sannan, a hankali, "Barira, kada ki tafi." Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ke da rai.

Barira ta daɗe a tsaye. Sai ta miƙa hannu bayan kunnen, ta zare 'yar wayar. Fitilar ta mutu. Inna ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafin la'asar barci ya kwashe ta.

Ranar sallama Dakta Zubairu ya tare Barira a bakin lif mai saukar da mutane ƙasa, ransa a ɓace, ya miƙa mata ɗan faifai. Duk abin da na'urar ta faɗa a kwana ashirin da biyu yana ciki, ko za ta so ta riƙa saurara.

Ta dubi faifan, yatsunta har sun taɓa shi.

"Goge shi, Dakta. Ba ita ta ba ni ba, ƙwacewa muka yi."

Ta tura Inna a keken marasa lafiya cikin lif. Shekara shida Inna Lantana ta ƙara a duniya, a ɗakin Barira, ba ta sake cewa komai ba.