Tabawa da Bishiyar Fiya

A wani zamani can, an yi wata yarinya mai suna Tabawa, wadda ta dasa bishiyar fiya a bayan ɗakin girki. Wata rana ganyen ya fara zuba. Ta ƙara mata ruwa, ganye ya zuba. Ta sake ƙarawa, ganye ya sake zuba.

Babanta ya ce, "In ta ƙarasa bushewa, gatari zan sa mata."

Tabawa ta ruga wurin kakarta tana kuka. Tsohuwa ta ce, "Share min hawayen nan, uwar ban ruwa! Je ki tona gindinta ki sansana."

Ta tona, sai ga saiwa ta yi baƙi tana wari. Ashe ruwa ne ya shaƙe ta.

Tabawa ta haƙa wa ruwan hanya ya fice. Kullum da safe takan zo da bokiti, ta tsoma yatsa a ƙasa. In ta ji danshi, sai ta cije ta koma da ruwanta, ko da ganye na zuba a gabanta.

Ranar da Baba ya zo da gatari, ta tare shi, ta nuna masa sabon toho jajir a kan reshe. Ya duba, ya saɓa gatarinsa ya nufi daji neman itace.