Fure a Ƙwaurin Musaddiq

"Kada ka motsa! Ka ga ka sa ganyen ya karkace!"

Karima ce durƙushe a tsakar gidansu a unguwar Alsawra, tana zana lalle a ƙwaurin mijinta Musaddiq. Wata uku ke nan tana koyon aikin hannana, masu yi wa amare zane. Matar farko da ta miƙa mata hannu da kuka ta tashi, wai kunama aka zana mata. Tun ranar matan unguwa suka ɓoye hannayensu. Takarda kuwa ba ta zufa, ba ta motsi, ba ta koya wa mutum komai.

"Jallabiya za ta rufe," ya ce. "Yi aikinki, habibti."

Ta rufe kuwa, har ranar Juma'a. Wajen alwala ya manta, ya naɗe wando har gwiwa. Manyan mutane masu furfura suka dinga dariya a ƙofar masallaci, ko kunya babu!

Kafin la'asar mahaifiyarsa Hajiya Kubura ta sauka daga raksha, keken haya mai ƙafa uku, tun daga unguwar Hajj Yusuf da ke tsallaken kogi.

"Buɗe ƙafar!" Ya buɗe. "Innalillahi! Kakanninsa da ƙafa suka tako daga ƙasar Hausa don aikin Hajji, ke kuma kin mayar da tasa ta amarya? Halas, ya isa haka! Ko ki bar shirmen nan, ko ki koma gidanku!"

Karima ta fashe da kuka, ta durƙusa. "Na bari, Hajiya. Wallahi na bari."

"Yumma, ni na miƙa mata," in ji Musaddiq, kansa a ƙasa. "Ke kika ba mu labari, kisrarki ta farko, wainar dawar nan, ƙonewa ta yi ƙurmus, Baba ya cinye har da neman ƙari."

"Rufe mini baki, marar kunya!"

Amma can ta ɗauko tabarau, ta sunkuya kan ƙwaurin ta daɗe.

"Wannan layin ya yi kauri. Na ƙasan dai... da dama-dama." Ta ja kujera, ta cire takalmi. "Ba a yi wa namiji fure. Zo nan. In kika ɓata, ki sake."

Shekara guda cur Hajiya tana tsallako kogi duk bayan mako biyu, tana miƙa ƙafa tana faɗa. Karima ta ɓata, ta sake, ta kuma ɓatawa. Yau amaren birnin Bahri sai sun kama layi kafin su same ta, kuma duk wadda ta yaba, sai ta ce, "Hajiya za ki gode wa, da mai gidana."

Yara, mai koyo ba ya iyawa sai ya sami wanda zai jure ɓarnarsa. In kun samu, ku riƙe shi da godiya. Dattawan da suka yi dariya kuwa, yanzu 'ya'yansu mata wurin Karima suke zuwa, amma har yau ko ɗaya bai je ya ba Musaddiq haƙuri ba. Ya kamata su je.