Motar Da Ba Ta Rage Haraji Ba

Renita tana kicin tana juya wake surukarta, Mama Odessa, ta banko ƙofa, ko ƙanƙarar takalminta ba ta kakkaɓe ba.

"Ke! Ina tsohuwar motar Cordell?"

"Mun ba maƙwabciyarmu Yolanda, Mama. Kin ga a bas take kai mijinta wankin ƙoda, ga sanyi—"

"Kun ba? Ke dai kika ba, sakarya! Da coci kuka kai wa, ko ƙungiya mai rajista, ai da gwamnati ta rage muku haraji. Kyautar hannu da hannu wa ya san da zamanta? Tsiyata min ɗa kika zo yi!"

Ita fa Mama Odessa ko tsohuwar riga ba ta bayarwa sai an ba ta rasit. Duk ƙarshen Disamba, lokacin rufe lissafin haraji, tausayinta ke tashi, Janairu na kamawa ya kwanta.

Cordell na shigowa ta tare shi. "Ka karɓo motar nan kafin shekara ta fita, ko kai da wannan ku bar min gida!"

Ya ja matarsa gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Bebi, sori, mu karɓo kawai a zauna lafiya."

Hawaye suka wanke wa Renita fuska. Ba zagin ne ya ƙona mata rai ba, jin wannan daga bakin mijin da take so ne.

"Je ka," ta ce. "Amma ka kalli idon mara lafiyan nan kafin ka miƙa hannu."

Ya je. Ya tarar Yolanda na tallafo mijinta tana sa shi a mota. Kunya ta rufe shi, ya kama mata, ya dawo ba motar.

A ranar Mama ta watso musu kaya waje. Suka kama ɗan ɗakin haya. Renita ba ta fasa aika mata abincin Lahadi ba, ita kuma ba ta fasa mayarwa ba.

Sanyi bai wuce ba Mama ta zame a ƙofar gida, ƙashin ƙugunta ya karye. Likita ya ce sai ta riƙa zuwa asibiti gashin ƙashi da safe, lokacin da ɗanta da matarsa ke wurin aiki. Ƙungiyoyin da ta sha bai wa kaya, katin gaisuwa suka aiko.

Sai ga tsohuwar motar a ƙofarta, Yolanda a ciki. Mama ta sunkuyar da kai, ta soma laluben jaka don ta biya ta.

"Bar shi, Odessa, shiga. Ni ma ba wani harajin da za a rage min."

Ran Lahadi kwanon Renita ya dawo a wanke, Mama da kanta ta kira tana kuka: "'Yata, ku dawo gida."

Rage haraji ba laifi ba ne. Amma wanda ba ya kyauta sai don shi, ranar da ya faɗi ba rasit ne zai ɗaga shi ba.